Zai Tsaya a Nan?

Ƙarfe huɗu da rabi nake barin Tudun Jukun,
takalmi a hannu, kada takuna ya tada Tasalla.
Shekararta huɗu. Ta san muryata, ta san tarina,
amma fuskata da rana sai Lahadi.

A Kwangila mu bakwai ne a motar mutum biyar,
gwiwar hannun wani a haƙarƙarina har Jaji.
Direba na jan ramuka ɗaya-ɗaya kamar carbi,
mu kuma muna lissafin kuɗin mota
da ya lashe sulusin albashi ko gyatsa bai yi ba.
Kaduna ba nisa gare ta ba,
hanya ce ta kai ta bangon duniya.

Mahaifina, Cindo mai guduma,
shekara talatin yana bin layin dogo a ƙasa,
daga Sabon Gari ya nausa arewa,
yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana kasa kunne
kamar mai zaɓen tukunya ran kasuwa.
Yakan ce ƙarfe mai lafiya amsawa yake,
mai tsaga kuwa sai ya yi maka gum.
Ya rasu ya bar gudumar ƙarƙashin gado.
Yau awaki ke kiwo inda ya taka,
mata na shanyar barkono a gefen tsakuwar.

Ran Talata sai ga wasu da hular kwano,
da na'ura mai ƙafa uku, da gwangwanin jan fenti.
Suka bi bayan gari suna kafa turaku,
ɗaya ya faɗa tsakiyar kuɓewar Inna Ladidi.
Wai jirgi ne, na safe da na yamma,
na masu zuwa aiki su dawo su kwana gida.
Wai. Mun sha wai mun ƙoshi,
da wai na sa ƙiba da ƙofa ta yi mana kaɗan.

Inna ba ta fara da zancen diyya ba.
Ta gyara ɗaurin zani, ta dubi yaron mai takarda:
"Ɗan nan, zai tsaya a nan, ko wucewa zai yi?"
Yaro ya juya takarda, ya sake juyawa,
ya ce wannan sai manya.
Ta ce, "To ka gaya wa manya,
jirgin da ba ya tsayawa ƙara ce kawai,
ƙara kuwa muna da injin niƙa."

Ni ma tambayata ke nan.
Ba na roƙon mai gudu kamar walƙiya
da zai ɗaga wa Giwa hannu ta taga.
A ba ni mai haƙuri, mai sanin ƙananan sunaye,
wanda zai jira tsoho daga Funtuwa
da katin asibitin Shika a aljihun gaba,
ya ɗauki kwandon tumatirin bakin Galma
tun bai fara zubar da hawaye ba.
Benci biyu da rumfar kwano sun isa tasha,
in dai agogo zai faɗi gaskiya.

Lahadin nan na zaro gudumar,
na goge tsatsa da bakin riga,
na riƙo hannun Tasalla har tsohon layi.
Na durƙusa yadda na ga ana yi,
na buga sau ɗaya.

Sauti ya tafi, siriri, yana rawa,
ya bi ƙarƙashin awaki, ya yi kudu.
Ta ɗora kunne kan ƙarfen mai ɗumi,
ta daɗe, har na fara jin kunya.

"Baba, me ya ce?"

Na ce ya ce yana nan.
Ta ce, "A'a. Cewa ya yi ka dawo da rana."